Shekarar da Aka Ce Ina da Kwantacce

Na san a cikinku akwai wanda zai so in tsallake wannan shekarar kamar yadda ake tsallake kwata a bakin zaure. Ba zan tsallake ba. Shekara goma sha shida ke nan kuna jin labarin a bakin mutane, kowa da irin gishirin da yake zuba masa, ni kuwa da abin ya faru a jikina ban taɓa zaunar da ku na ba ku shi daga tushe ba. Babangida, na san ba al'ada ba ce uwa ta tsare ɗan farinta da magana ido da ido, to alkunya ta yi haƙuri yau, domin rabin babin nan naka ne. Ka karanta har ƙarshe kafin ka ajiye. Na san halinka, don a wurina ka ɗauko shi.

Mahaifinku Malam ya rasu ana saura 'yan kwanaki ruwan shuka ya sauka. An ce wa mutanen garinmu Ƙofa ciwon hanta ne, aka yi ta cika zaure ana yabon malamin da ya karantar da rabin garin, kuma duk yabon da aka yi masa ya cancanta. Amma ba hanta ba ce. Ƙanjamau ce, kuma ni ma ina da ita, mun shekara biyu da sani kafin rasuwarsa. Ta inda ta shigo gidanmu ban sani ba, shi ma ya rantse bai sani ba, kuma ban ba wani mahaluki izinin ya ƙirƙira mana hanya ba. Magani can Katsina muke karɓa inda ba a san fuskarsa ba. Shi zai hau babur ya ce ya tafi sayen littattafan makaranta, in kuma ranar da likita ke son ganina ce sai a ce za ni gaida gwaggona a Kafinsoli. Ni ina sha kullum. Shi kuwa in ya ji ƙarfi sai ya ajiye, in jiki ya rikice ya koma, har jikin ya gaji da wannan wasan. Sau uku ma'aikatan asibitin suna ce mana mu kawo yara a gwada su, sau uku yana cewa duk ranar da aka kai yara asibiti to sunansa aka kai kasuwa. A lokacin Auta tana da shekara bakwai, ba ta rabuwa da ƙuraje da ciwon kunne, ina kallonta ina haɗiye abin da ke raina.

Kakarku Inna, mahaifiyar Malam, ita ta taya ni jinyarsa, kuma ita ta ci karo da kwalaben maganin a cikin buhun littattafai. Ba ta iya karatun boko ba, amma tsohuwa ba ta buƙatar karatu kafin ta gane abin da ake ɓoyewa a ƙarƙashin littafi. Ba ta ce uffan ba sai ranar sadakar uku. Da mata suka ragu na ga ta fito daga ɗakina da ƙulli a bakin zane ta nufi bayan gida. Na bi ta, na tarar har ta zazzage.

"Inna, har da nawa a ciki."

"Na sani. Gidanga cike shi ke da mutane, kowa hannu shi ke sawa ko'ina. Ɗana ya tahi da mutuncinshi, Rakiya. Kada ki kuskura ki kwance mashi likkahwani."

Na shiga takaba, wata huɗu da kwana goma. Kada wani ya ce addini ne ya tsare ni, domin ni da bakina na karantar da matan Islamiyya cewa mai takaba tana fita neman magani. Abin da ya tsare ni shi ne, in zan fita sai na ce ga inda za ni, in na ce asibiti sai a ce me ke damun ki, ni kuwa garau nake a ido. Na ce bari in fita takaba tukuna. Aka yi shuka, aka yi noman farko da maimai, aka girbe gero, na fita takaba, sai kuma kunyar ma'aikatan can ta kama ni, da wane baki zan ce masu na bar magani wata biyar? Na ƙara wata huɗu ina cewa gobe. Wannan laifina ne ni kaɗai, ban rataya wa Inna shi ba, ita kwalba ta zubar, ba ƙafata ta ɗaure ba.

Jiki kuwa bai jira ni ba. Na fara ganin fitsarina yana kumfa kamar ruwan wanki. Sai tashin zuciya da safe, ko warin daddawa ba na so. Al'adata ta ɗauke. Fuska ta ɗan tasa, takalmina ya fara matse ni, zane ya daina kai inda ya saba kaiwa. Mace mai shekara arba'in da ɗaya da ta haifi biyar ta san abin da waɗannan alamomi suke kama da shi, kuma matan gidan ma sun sani, na ga yadda hira ke mutuwa in na shigo madafi. Ni dai na san tsakanina da Allah, don haka abin bai ba ni tsoro ta wannan ɓangaren ba. Ranar da na sunkuya tsintar tsintsiya na ga duhu, washegari na sa hijabi na hau mota zuwa asibitin Kankia ban nemi shawarar kowa ba.

Likitan yaro ne, bai fi ƙanena na uku ba. Ya sa aka ɗebi fitsari da jini, ya rubuta takarda ya ce in je a yi mini hoton ciki. Ku lura da kalmar nan, don ita ce ta jawo komai. Mu a wurinmu ciki ɗaya ne, da wanda tuwo ke shiga da wanda ɗa ke kwanciya, kuma na'urar da ake duba jariri ita ce dai ake duba ƙoda da ita, ɗaki ɗaya, benci ɗaya. Aka ce in sha ruwa da yawa in riƙe fitsari. Sai ga ni zaune da gorar ruwa a tsakiyar mata masu ciki, wata na nishi, wata na cin goruba, ni matar mamaci da ba ta cika wata biyar da fita takaba ba. Na ɗaga kai sai muka yi ido huɗu da Talatu, matar mai injin niƙan garinmu, da cikinta na bakwai a gaba.

"Laa, Malama! Ke ma awo?"

"Hoto za a yi mani."

"Ayya. Allah shi raba lahiya."

Ta faɗe shi da murya mai zaƙi, idonta kuwa yana kan zanena. Da aka kira ni, ita ce ke bi mini, don haka ta matso ta zauna dab da labule.

Ɗakin da ɗan duhu, ga wata ma'aikaciya tsaye a kaina don mai hoton namiji ne. Aka shafa mini wani abu mai sanyi da yauƙi kamar miyar kuɓewa, ya ɗora kan na'urar a kwiɓina, ya ce in juya gefe, in ja numfashi in riƙe. A allon ban ga komai ba sai toka-toka da baƙi-baƙi suna motsi. Ya yi shiru da yawa, ya koma ɗaya kwiɓin, ya dawo, yana danna wani abu yana aunawa. Ni ba na son a yi shiru a kaina, don haka na ce ya gaya mini abin da ya gani, jikina ne. Mutumin kirki ne, sai ya juyo da allon.

"Kin ga wannan? Hanta ce. Wannan kuma da ke jingine da ita ƙoda ce. Ƙoda mai lafiya ta fi hanta duhu a hoto, ko su zo daidai. Dubi taki yadda ta yi fari tas. Kuma duka biyun sun yi girma."

Duka biyun sun yi girma. Wannan ita kaɗai ce maganar da ta tsallaka labule.

Na koma wurin likita da ɗan hoton a maƙale jikin takarda. Ya jera shi da sakamakon fitsari da na jini, ya ce yawancin ƙodar da ta daɗe da ciwo ƙanƙancewa take yi, tawa kuwa girma ta yi ta yi haske, ga abin gina jiki yana tsiyayewa cikin fitsari, shi ne kumfar da nake gani. Ya ce hoto shi kaɗai ba ya yanke hukunci, amma in waɗannan suka haɗu akwai tambayar da dole ya yi mini. Ban bari ya wahala ba, na ce ina da ita, kuma na bar magani wata tara. Na jira faɗa, bai yi ba. Ya ce ƙwayar cutar ce ta samu fili ta shiga ƙodar, kuma abin da zai tsayar da ita shi ne in koma kan magani yanzu, wanda aka zaɓa daidai ƙarfin ƙodata, in riƙa zuwa duk mako biyu ana dubawa. In bar gishiri da kanwa da jiƙe-jiƙe da ƙwayoyin ciwon jiki na kan tebur. Ya ce in na ƙara wata uku haka, maganar za ta koma ta wankin ƙoda a birni, ko kuma abin da ya fi wannan. Ina miƙewa ya tambaye ni ko an taɓa gwada yarana, na ce a'a, ya ce in kawo su duka in na dawo karɓar magani cikin makon nan.

Motar da na hau ba ta kai Kusada ba labari ya riga ni gida, don ita Talatu da waya a hannunta. Matar Malam tana da ciki, tagwaye ne, mai hoto da bakinsa ya ce duka biyun sun yi girma. Malam kuwa wata tara a ƙasa, cikin kuma ba na wata tara ba ne, lissafin ba ya buƙatar malami. Washegari na shimfiɗa tabarmar karatu, cikin mata ashirin da wani abu uku suka zo, su ma kallo ya kawo su. Kai Babangida, kana da shekara goma sha tara, ka dawo daga gona ka ture kwanon da na ajiye maka, ba ka dube ni ba.

Da hantsi Inna ta shigo ɗakina ta sakaya ƙofa. Na miƙa mata hoton na ce ba ɗa ba ne, ƙoda ce, ciwon nan ne ya taɓa ta. Ko karɓa ba ta yi ba.

"Na san ba ki yi abin kunya ba, ni na san wadda na aura ma ɗana. Ki ce kwantacce ne. Cikin Malam ne ya kwanta, yanzu ya tashi. Malamai sun san da shi, ba mai ja."

"To Inna, ranar haihuwa me zan haifa?"

"In an kwana biyu a ce ya koma ya kwanta. Allah na nan. Ke dai ki rufa mashi asiri, ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba."

Ku da kuka tashi da waya a hannu wataƙila ba ku san kwantacce ba. Cikin da ake cewa ya yi barci a mahaifa, ya shekara ɗaya ko biyu ko fiye bai motsa ba, sannan ya tashi, kuma ɗan na mijin ne ko da ya rasu. Ba zan yi maku ƙarya ba, maganar ta shige ni. Ta wanke ni, ta wanke Malam, ta rufe bakin Talatu, duk da kalma ɗaya. Na yini ina juya ta, har na fara gwada yadda zan faɗe ta.

Bayan la'asar Baba Isa, yayan Malam kuma babban gidan, ya kira mu zaure, ni da Inna da Babangida. Sauran matan gidan suna bayan katanga, wai suna tsince wake. Baba Isa mutum ne mai ilimi da tausayi, kuma bai san komai game da ciwon ƙanensa ba. Ya yi sallama ya yi salati, ya ce Inna ta yi masa bayani, shi kuma ba ya zargin matar ɗan'uwansa, littattafanmu sun tabbatar da kwantacce, kuma gobe zai faɗa a masallaci kowa ya kama bakinsa. Na ga kafaɗunka sun sauka, Babangida, na ga ka yi ajiyar zuciya. Sai ya ƙara da cewa:

"Abu guda ya rage, kuma ke malama ce kin san shi. Mai ciki takabarta ba ta ƙarewa sai ta haihu. Tunda ciki na Malam ne, ashe ba ki hita takaba ba. Ki koma ɗaki. Ba sauran yawon asibitin Kankia ana nuna ki da baki, ga ungozoma nan cikin gari. Sai ranar da Allah ya sauke ki."

Wallahi na san wannan hukuncin tun ina 'yar shekara goma sha biyu, amma ban tuna da shi ba sai da ya fito daga bakinsa. In zauna a ɗaki sai na haihu. Ƙoda kuwa ba a haihuwarta. Na dubi Inna, ta sunkuyar da kai tana jan carbi, na gane ita ta riga ta yi wannan lissafin, ko kuwa ta ƙi yin sa da gangan. Wata uku likita ya ce. Za a ce cikin tagwaye ne ya kashe ni, a yi mini shaidar shahada, a binne ni kusa da Malam, mutuncin kowa ya tsira, Auta kuma ta ci gaba da sosa ƙurajenta ba mai kai ta ko'ina. Na kwance bakin hijabi na ciro takardar na ajiye a kan buzunsa.

"Yaya, ka duba. In ka ga kai ko ƙafa ka nuna mani. Ƙodata ce guda biyu, su ne tagwayen. Ƙanjamau gare ni, ita ta taɓa su. Ita ce kuma ta ɗauki Malam, ba hanta ba."

Inna ta saki salati. Bayan katanga na ji faranti ya faɗi wake ya watse. Na ɗaga murya da gangan don masu tsintar su huta da miƙa wuya.

"Ban yi zina ba, kuma ba ni yin ƙaryar ciki in jingina ma mamaci ɗan da babu. Jibi ina da asibiti, kuma da ƙafata zan tafi, da rana tsaka, da 'ya'yana biyar."

Kai ne ka fara magana, Babangida. Ban manta ko harafi ɗaya ba.

"Da kin ce shege ne da ya fi mani sauƙi. Kin kashe sunan ubana."

Ka tashi ka fita, ka kwana a shagon abokinka, bayan mako guda ka tafi Kano, shekara biyu ko gaisuwa ba ka aiko ba. Shi ya sa huɗu na kai, ba biyar ba, kai sai daga baya ka gwada kanka a can. Baba Isa ya daɗe yana kallon hoton a juye, bai ma san a juye yake ba. Da ya ɗago idonsa ya yi ja. Ya ce astagfirullahi, ya kusa ɗaure ni da igiyar da ba ta da ƙarshe, kuma da ƙanensa ya gaya masa da shi zai riƙa kai shi. Ranar asibitin shi ya tsayar mana da mota a bakin titi.

Kada ku ɗauka daga nan komai ya yi daɗi. Makarantar matan da na gina shekara goma sha biyar ta watse, ba ta sake haɗuwa kamar da ba. A gidan biki ana ware mini kofi, in na tashi a ɗauraye tabarma. Inna ta rayu shekara shida bayan nan ba ta sake cin abin da hannuna ya taɓa ba, ko da yake ni na yi jinyarta, kuma na yafe mata, uwa ce ta tsaya wa ɗanta ta hanyar da ta iya. Abin ya yi mini ciwo, na yi kuka ba sau ɗaya ba, amma ban taɓa yin sa a gaban mai ware kofi ba. Duk ranar asibiti ta gaban injin niƙa nake bi, ba ta lungu ba, in na ga Talatu in ce mata za ni awon tagwaye, ko tana da saƙo. Tun tana shigewa gida har ta koma dariya, daga baya ma ta zo ta nemi gafara. An sake yi mini hoton ba adadi. Hasken nan bai gushe duka ba, ƙodar ba ta koma sabuwa ba, amma ta tsaya inda take, kumfa ta ragu, kumburi ya sabe, ban kai ga wankin ƙoda ba. Shekara goma sha shida ina cin miya lami, kun sha yi mini tsiya a kai.

Saura abu ɗaya, kuma ban rubuta shi ba sai da mai shi ta ba ni izini, ta ce in rubuta da manyan baƙi. Cikin huɗun da na kai ranar, uku ba su da komai. Auta tana da ita, tun daga cikina ko nonona. Maganin da kuka ga tana sha kullum aka ce maku na ƙirji ne, ba na ƙirji ba ne. Nawa na tona a zaure don nawa ne, nata kuwa na rufe, har ita Inna ta koma ga Allah ba ta sani ba, ashe ni ma na san ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Mijinta ya sani tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, ita da bakinta ta gaya masa. Ta bi awo da magani yadda aka ce, ta haihu, an gwada yaron har gwajin ƙarshe, ba shi da ita.

Kai ka san yaron, Babangida. Kai ka karɓe shi ranar suna, kai ka roƙi uban ya sa masa sunan mahaifinku, har ka juya baya kana share ido kana tsammanin ban gani ba. Da na ce kwantacce a zauren nan, da babu ni, da babu uwarsa, da babu shi. Ka ce na kashe sunan ubanka. Ga sunan ubanka can tsakar gida ba wando, yana bin 'yan tsaki da ludayina, in ka zo ranar Juma'a ka karɓe mini shi.